Zanen yaƙin teku na Ingila na farko: shaida ne ko ado?

Nura: Assalamu alaikum malamai. Tambaya gare ni kan zanen yaƙe-yaƙen teku na Ingila, na ƙarni na 17 da na 18. Irin wanda za ka ga jirage a jere, hayaƙi ya turnuƙe, wani jirgin yana ci da wuta. Mai zanen da idonsa ya gani, ko zama ya yi a ɗaki ya ƙaga? Na biyu, in babu sa hannu babu shekara, da me ake gane zamanin zane?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Wannan "na Ingila" da ka ce, akwai ɗan gyara a ciki. Waɗanda suka kafa sana'ar a Landan mutanen Holan ne, abokan gabar Ingila a teku. Ko yaƙin Armada na 1588 tsakanin Ingila da Sifaniya, da adimiral ɗin Ingila Lord Howard na Effingham ya so a adana shi, wurin Hendrick Vroom na Haarlem aka kai aikin. Shi ya zana, aka saƙa dardumar bango goma a Delft. Su ne suka daɗe a rataye a majalisar dattawan Ingila har gobarar 1834 ta cinye su, abin da ya rage shi ne bugun da John Pine ya yi musu a 1739.

Amma tushen gaske su ne Willem van de Velde biyu, uba da ɗa, suna ɗaya. Uban ya rasu a 1693, ɗan a 1707. Sun bar Amsterdam a hunturun 1672 zuwa 1673, lokacin da Faransa da Ingila suka taru wa Holan, kasuwar zane ta mutu murus. Sarki Charles II ya ba su ɗakin aiki a Queen's House da ke Greenwich, a farkon 1674 kuma ya yanka wa kowannensu fam 100 a shekara. Takardar albashin ta raba aikin biyu: uba ya ɗauko zanen faɗan, ɗa ya sa masa launi. Rabin amsarka yana nan, Nura. Wanda ya gani daban, wanda ya riƙe burushi daban.

Dakta Hadiza: Allah ya saka, Malam. Uban kam ya gani. Tun yana Holan yake bin rundunar yaƙi a ƙaramin jirgin aike da suke kira galyot. Yana wurin a Scheveningen a 1653, inda aka kashe Adimiral Maarten Tromp, yana wurin a Yaƙin Kwana Huɗu na 1666, da Solebay a 1672. A zanensa na Scheveningen ma ya sa kansa a gaba, zaune cikin galyot ɗin da takarda a gwiwa.

Ga yadda aikin ke tafiya. Yana liƙa takardu gefe da gefe su zama dogon tsiri, wani ya haura mita. Ana cikin ɓarin wuta ba ya zana jirgi, matsayin jirgi yake kamawa: zara ɗaya ta fensir ita ce gangar jiki, uku a tsaye su ne jigo, wato sandunan da ke riƙe ƙyallen iska, sai tuta, sai inda hayaƙi ya nufa. A sama ko a gefe ya rubuta da harshen Holan sunan jirgi ko na kyaftin, da inda iska ta fito, da lokacin yini. Bayan ƙura ta lafa ya bi da burushi da tawada mai ruwa-ruwa ya fitar da inuwa.

Siffar kowane jirgi kuwa daban ake ɗaukar ta, a tasha, jirgi na tsaye da anga. Ya zagaya ta ƙeyarsa ya zana sassaƙar da ke jiki, ya ƙirga tagogin igwa. Shi ya sa a zanen zamanin za ka ga jiragen sun fi ba ka baya: sai bayan 1770 aka saba rubuta suna a jikin jirgin yaƙin Ingila, kafin nan sassaƙar ƙeya ita ce sunan. Akwai kuma dabarar juyi. A jiƙa farar takarda kaɗan, a ɗora a kan zanen fensir, a murza, sai hoton ya fito a juye. Da zane ɗaya an sami jirgin da ke kallon dama da mai kallon hagu. Inda ake tafka kuskure shi ne tambarin da ke ƙeya: zakin da ya kamata ya kalli nan sai ya kalli can, in yaron ɗakin aiki bai gyara ba haka zai shiga fenti. Gidan tarihin teku na Greenwich yana riƙe da irin waɗannan takardu sama da dubu.

Injiniya Ɗanlami: Dakta, ban musa cewa yana wurin ba. Abin tambaya shi ne nawa ya gani. Mu yi lissafi. Mutum a ƙaramin jirgi, idonsa mita 2 sama da ruwa, ganinsa yana ƙarewa a kilomita 5. A mita 4, kilomita 7. Sai ya hau kan jigo, mita 30, zai kai kusan kilomita 20. A Yaƙin Kwana Huɗu jiragen de Ruyter, adimiral ɗin Holan, kimanin 84 ne. A ba kowane jirgi tsawon mita 40 da tazarar mita 100, layin ya doshi kilomita 12. Daga galyot ƙarshen layin sai dai kawunan jigo.

Sannan ga hayaƙi. Albarushin gargajiya in ya tashi, fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska, ƙura yake zama, fara mai kauri. Duk wanda ya tsaya kusa da 'yan bindiga ranar hawan salla ya san bindiga ashirin kan ɓatar da dokin da ke gabansa. To a nan igwa dubbai ne, daga safe har magariba.

Masu zane sun kuɓuta ta hanya biyu. Ko dai su ɗaga layin da sama ta haɗu da ruwa can sama, kamar shaho ke kallo, a ga rundunonin biyu kamar taswira, wanda babu ɗan Adam da ya taɓa tsayawa a wurin. Ko su sauko da shi ƙasa, sama ta cinye kashi biyu cikin uku na yadin, a zaɓi abu ɗaya a nuna, sauran a binne a hayaƙi. Uban ya fi bin ta farko, ɗan ta biyu. Dubi zanen ɗan na miƙa wuyan Royal Prince a 1666, bayan ya kafe a rairayin Galloper da Sir George Ayscue a ciki: jirgi ɗaya ne labarin, yaƙin kwana huɗu ya koma bango.

Awwal Kumasi: Salam ga kowa. Abu biyu. Yaƙin Ingila da Holan da Yaƙin Kwana Huɗu ke cikinsa, daga bakin tekunmu aka hura wutarsa. A 1664 Robert Holmes na Ingila ya ƙwace wuraren Holan a gaɓar Gini har da Cape Coast, de Ruyter ya biyo sawu ya karɓe yawancinsu, a farkon 1665 ya ci Kormantin, gidan da ake kira Fort Amsterdam, kangonsa na nan a Abandze. Cinikin zinariya da bayi ake faɗa a kai. James, Duke na York, shi ne shugaban kamfanin cinikin, shi ne kuma babban adimiral, yana kuma cikin masu ba su van de Velde aiki. Ba za ka ga wannan a jikin yadin ba, amma daga nan wani ɓangaren kuɗin ya fito.

Na biyu, Solebay. Uban ya zana shi daga ɓangaren Holan, bai cika shekara ba ya koma Landan yana tsara wa sarkin Ingila dardumar bango ta wannan faɗan dai, har da ƙonewar Royal James mai igwa 100 inda Earl na Sandwich ya mutu. Takardun guda ne, mai biya ne ya canja.

Nura: Yaya Awwal, a wani wuri na ga Solebay 28 ga Mayu, a wani 7 ga Yuni. Wanne ne?

Awwal Kumasi: Duka. Ingila tana kan tsohuwar kalanda har 1752, su de Ruyter suna kan sabuwa. Tazarar kwana 10 ce a ƙarni na 17, kwana 11 a na 18. In ka ga 7 ga Yuni a jikin zane, hannun mutumin Holan ne ko na wanda ya zo daga baya.

Hajiya Binta: Bari in shigo ta ɓangaren kayan aiki, don nan ma ana ruɗewa. Manyan ayyukan uban ba fenti ba ne, zanen alƙalami ne a kan farin fage. Allon katakon oak ko yadin lilin, a shafe da gam ɗin fata, a bi da alli, sannan farin darma da aka kwaɓa da mai. A bar shi wata biyu zuwa uku ya ƙeƙashe. In aka yi gaggawa bakin alƙalami zai kafta fagen, in mai ya yi yawa a sama tawada ta tattare ɗigo-ɗigo ta ƙi kamawa. Tawadar baƙin hayaƙin fitila ce da gam. Kowace igiya, kowace igiyar ruwa, zara-zara ake jan ta. Amfaninsa a kan takarda shi ne yana jure danshi, ana rataye shi a bango ba gilashi.

Fentin mai na ɗan kuwa tsarinsa haka: fage biyu, na ƙasa jar ƙasa, na sama toka-toka daga farin darma da ɗan baƙi. A fara da sama, a sauko ruwa, sai gangar jirage, sai ƙyallayen iska, sai hayaƙi a shafa shi siriri yadda jirgin baya zai riƙa leƙowa. Igiyoyi su ne ƙarshe, da burushi mai 'yan gashi. Ku riƙe wannan na ƙarshen, zan dawo kansa.

Matsalar tana shuɗi. Shuɗin dutsen lafis da ake haƙowa a Badakhshan tsada gare shi, sai a shafa kaɗan a sama. Na yau da kullum shi ne simalt, garin gilashi mai kobal. Dole a bar shi da tsakuwa-tsakuwa, in aka niƙa shi luƙwi launin ya gudu. Kuma cikin mai, da shekaru, sinadarin fotash yana fita daga gilashin ya bar toka. Sama da yawa da mutane ke yabawa wai an kama hadarin Tekun Arewa, shuɗiya ce garau ranar da ta bar ɗakin aiki.

Malam Sabo: To Nura, ga tambayarka ta biyu. Fara da tuta, ita ta fi saurin magana.

A wancan zamanin rundunar Ingila kashi uku ce: ja, fara, shuɗiya. Tutar adimiral a kan jigon tsakiya, ta mataimakinsa a jigon gaba, ta na uku a jigon baya. Da launi da jigo ka san wane ne a jirgin. Sai ka dubi kusurwar babbar tutar da ke ƙeya. Jan gicciye kaɗai a farin fili, kafin 1707 ke nan. In an haɗa da farin gicciyen karkace na Sikotilan a shuɗin fili, 1707 zuwa 1800. In akwai jan karkace a cikin farin, na Ayalan, daga 1801 ne.

Na abokan gaba ma haka. Faransa fara ce fat har 1790, daga nan fara mai launi uku a kusurwa, sai 1794 launi ukun suka cika ta. Sifaniya ba ta ɗauki ja da rawaya a teku ba sai 1785, kafin nan fara ce mai tambarin sarki. Saboda haka in ka ga zanen cin Porto Bello, wanda Adimiral Vernon ya yi da jirage shida a Nuwamban 1739, da tuta ja da rawaya a kan ganuwa, mai zanen ya zo bayan abin da kusan shekara 50, ko wani ya taɓa zanen.

Hajiya Binta: Malam, a yi hattara da launin tutar. Shuɗiyar da aka yi da simalt kan koma toka har ta yi kama da fara. Jan da aka samo daga ƙwaron kocinil yana kodewa a haske, na zaiba kuma wani sa'in baƙi yake yi. Sai mutum ya ɗauke adimiral daga wannan runduna ya kai shi waccan. Kusurwa da jigo sun fi launi amana.

Malam Sabo: Na karɓa, Hajiya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Injiniya Ɗanlami: Bayan tuta sai jikin jirgi. Dubi sandar da ta miƙe daga goshi. A ƙarni na 17 akwai ɗan ƙaramin jigo a tsaye a ƙarshenta, da nasa ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu. Wajen 1720 ya ɓace, aka ƙara wa sandar tsawo aka ɗaura ƙyalle mai kusurwa uku. Dubi tagogin igwa na sama: in kowace tana da zoben sassaƙa mai ruwan zinariya, jirgin kafin 1703 ne, shekarar da aka ba da umarnin rage ado saboda kuɗi. Dubi jigon baya: doguwar sanda a karkace da ƙyalle gaba da bayan jigon, tsohon yayi ne, zuwa tsakiyar ƙarni na 18 sandar na nan amma an yanke ƙyallen gaba, ƙarshen ƙarnin sandar ma ta gajarce ta tsaya a bayan jigo. In jirgi ya karkata ka ga jan ƙarfe a cikinsa, an fara gwada wannan a 1761 a jikin jirgin Alarm, bai game runduna ba sai wajen 1780.

Ƙirga ma tana aiki. Jirgi mai igwa 74 yana da 28 a benen ƙasa, wato taga 14 kowane gefe. Victory, jirgin Adimiral Nelson, 30 ne, 15 kowane gefe. Tsawon jigon tsakiya, guntun ƙasa, a ƙa'idar ƙarshen ƙarni na 18: a haɗa tsawon benen igwa da faɗin jirgi a raba biyu. Mai 74, ƙafa 168 da ƙafa 47, ya ba ka ƙafa 107 da ɗoriya. Masu zanen da ba su san jirgi ba sukan ja jigo sama don ya yi kwarjini.

Amma gwajin da ya fi kama maƙaryaci shi ne iska. Abu huɗu dole su yarda da juna: cikar ƙyalle, karkatar jirgi, hayaƙi, da igiyar ruwa. Tuta tana bin iska, ba tafiyar jirgi ba. Jirgin da iska ke turawa daga baya, tutocinsa gaba suke nufa. Wanda bai taɓa hawa ba sai ya kaɗa su baya kamar tutar mota. Jirgi mai ƙyalle huɗu-huɗu kuma ba ya matsawa kusa da inda iska ta fito fiye da digiri 67 da rabi. Sannan a cikin faɗa ana naɗe manyan ƙyallayen ƙasa, a yi tafiya da na tsakiya, don kada tartsatsin igwa ya kama su, kuma kyaftin ya ga gabansa. Jirgin da ke ɓarin wuta da ƙyalle duka a buɗe, ko yana bin wani ne, ko mai zanen ado yake.

Karkata kuma tana da hukunci. Rundunar da iska ke bayanta tana karkatowa wajen abokin gaba, tagoginta na ƙasa, waɗanda ƙafa 4 ko 5 kawai ke tsakaninsu da ruwa, sai su kusa nutsewa. A Quiberon, 20 ga Nuwamban 1759, jirgin Faransa Thésée ta tagogin nan ruwa ya shige shi ya nutse. In zane ya nuna guguwa, jirgi ya kwanta, tagogin ƙasa na gefen da ya kwanta kuma a buɗe suna aman wuta, ka san ba matuƙi ne ya duba shi ba.

Dakta Hadiza: Injiniya, duk wannan yana ba da shekarar jirgin da aka zana, ba shekarar zanen ba. Bayan mutuwar ɗan a 1707 takardun ɗakin aikin sun watsu a Landan, 'yan ƙasa suka koyi sana'ar ta kwaikwayo. Robert Woodcock kwafe van de Velde yake yi. Peter Monamy, haifaffen Landan a 1681, da fentin gida da na ado ya fara, hannunsa kuma cike yake da tsarin van de Velde. Za ka ga zanen 1725 da jirgin 1675 a ciki, komai daidai, domin daga takardar da ta yi daidai aka ɗauko.

Akasin haka ma yana faruwa. Samuel Scott ya zana fashewar San José a gaɓar Cartagena, abin da ya faru a 1708 yana ɗan shekara shida ko kusa. Ya zana wa Anson, kwamandan jirgin Centurion, kamun jirgin dukiyar Sifaniya, Nuestra Señora de Covadonga, da Centurion ya yi a 20 ga Yunin 1743 kusa da tsibiran Filifin, shi kuwa yana Landan. Daga bakin jami'an jirgin da zanen da suka kawo ya gina shi. Haka tsarin ya zauna: kyaftin ya kawo littafin tafiya da taswirar matsayi, mai zane ya yi gwaji ya aika, kyaftin ya gyara ya mayar. Sau da yawa a yi zane biyu zuwa huɗu, kowane da sa'arsa. Ka tuna kuma kyaftin ɗin shi ne mai biya, jirginsa ba zai taɓa fitowa a baya ba.

Hajiya Binta: A nan ne kwalba ke raba gardama. An gano wani sabon launi, shuɗin Balin, a birnin Berlin wajen 1706, aka buga yadda ake haɗa shi a Landan a 1724, daga nan ya yi arha ya kori simalt a hankali. In aka ɗauki ɗan ɓarɓashi daga asalin fentin sama, ba daga wurin gyara ba, aka sami shuɗin Balin, to a cire sunan van de Velde, duk kyan jirgin. Shi ma yana da aibinsa: in an tsinka shi da fari da yawa, haske na cin sa.

Awwal Kumasi: Matuƙan da suka koma zane fa? Dominic Serres Bafaranshe ne daga Auch, a teku aka kama shi aka kai shi Ingila, ya zama cikin waɗanda suka kafa Royal Academy a 1768, a 1780 ya zama mai zanen teku na George III. Shi ya zana harin Keppel a tsibirin Gore na Sanagal na Disamban 1758, da jerin cin Habana na 1762. Nasa ba su fi amana ba?

Malam Sabo: A jirgi da iska sun fi. Amma wanda ya maimaita abin da tsoho van de Velde ya yi shi ne Nicholas Pocock, kyaftin ɗin jirgin kasuwa daga Bristol. A faɗan 1 ga Yunin 1794, Lord Howe da jirage 25, Faransa da 26, yana cikin Pegasus. Wurin ya dace: aikin Pegasus shi ne ya tsaya a wajen layi, gefen da ba a harbi, yana maimaita tutocin umarni don na nesa su gani. Wato an ajiye shi inda hayaƙi bai rufe ba. Ya cika littafi da zane da bayanin sa'a-sa'a.

Kwatanta da babban zanen de Loutherbourg na wannan rana. Ya jera Queen Charlotte, jirgin Howe, da Montagne na Faransa kafaɗa da kafaɗa. Abin da ya faru, Queen Charlotte ta ƙeyar Montagne ya ratsa yana zuba masa wuta, saman jigonsa na gaba ya karye, Montagne ya ja gaba. Tsayuwar da aka zana ba a yi ta ba. Turner kuma ya ƙara gishiri a zanen yaƙin Trafalgar da George IV ya sa shi yi, 1822 zuwa 1824: tutocin saƙon Nelson na kafin azahar, da karyewar jigo, da gobarar Achille ta yamma, da nutsewar Redoutable wadda sai washegari ta faru, duk a lokaci guda. Sojan ruwa suka yi ca, ya kwana 11 yana gyara, a 1829 aka ɗauke zanen daga fada aka kai Greenwich. Ni a wurina wannan ba shaida ba ce.

Dakta Hadiza: Allah ya gafarta Malam, a nan ban bi ka ba. Haɗa sa'o'i a yadi ɗaya ba Turner ya fara ba. Manyan zanen alƙalami na van de Velde ɗin da muke yabo, a ɗaki aka haɗa su daga tsiri da yawa, wasu shekaru bayan faɗan. Na Scheveningen da ke Greenwich 1655 ne, na Rijksmuseum 1657. Ba a nutsar da jirage duka a minti ɗaya ba, amma a allon tare suke nutsewa. Bambancin, shi ya ɓoye ɗinkin, Turner ya bar shi a fili. In shaida kake so ka koma tsirin takarda da littafin Pocock. Abin da aka rataya a bango an yi shi ne don mai gida.

Malam Sabo: Haɗa abubuwan da suka faru daban, ƙaga tsayuwar da ba a yi ba daban, Dakta. Na sassauta wa Turner, ban sassauta wa de Loutherbourg ba.

Nura: Hajiya, kin ce za ki dawo kan igiyoyi.

Hajiya Binta: Yauwa. Banish ɗin da, wato ruwan ƙyallin da ake shafa wa zane a ƙarshe, na ƙaron mastik, cikin 'yan shekaru goma yake rawaya, shuɗiyar sama ta koma kore-kore, farin hayaƙi ya zama ruwan ƙasa. Sai a kira mai wankewa. Igiyoyin nan su ne na ƙarshe, siririn fenti ne mai yawan mai, wani sa'in da ƙaro a ciki, a kan fentin da ya riga ya bushe. Ruwan da ke narkar da banish yana ɗauke su tare. Sai ka ga jigo uku a tsaye tsirara, ƙyalle na rataye ba abin da ya riƙe shi. Mai gyara na gaba ya ga giɓi ya ja nasa igiyoyin, sau da yawa na jirgin zamaninsa, ko ya ɗaure su inda ba su da aiki. Don haka Injiniya, kafin ka yanke wa mai zane hukunci da igiya, a haska zanen da fitilar ultarabayolet a ɗaki mai duhu. Tsohon banish yana ƙyalli kore-kore, sabon gyara yana fitowa baƙi a kansa.

Wankewa ta ƙa'ida da gwaji ake farawa, wurin da bai fi santimita ɗaya ba, a gefe, da auduga a kan tsinke, ana mirginawa ba gogewa ba, a fara da ruwa mafi rauni, ana duba audugar bayan kowane mirgine. Rawaya banish ne. Baƙi ko ruwan ƙasa ya fito, a tsaya.

Sauran ɓarnar biyu ce. Yawancin zanen nan an liƙa musu sabon yadi a baya da gam da dutsen guga mai zafi, wanda ya danne tudun farin darma na kumfar ruwa da walƙiyar bakin igwa, har saƙar yadin ta fito a fuska. Na ƙarshen ƙarni na 18 kuma, waɗanda aka sa kwalta a inuwarsu don baƙin ya yi zurfi, ba ta bushewa har ciki, sai fentin ya tattare ya tsage kamar bayan kada. Wannan ba ya gyaruwa, sai dai a cike tsagar.

Injiniya Ɗanlami: Na ji, sai an haska. Akwai wanda nake gani a wasu, layin ruwa yana ratsa cikin jirgi kamar jirgin gilashi ne.

Hajiya Binta: Fentin mai yana ƙara zama garai-garai da tsufa, na ƙasa ya leƙo. Yana nuna an gama teku kafin a ɗora jirgin. A ƙananan jiragen nesa al'ada ce. In babban jirgin gaba ne, wanda ya kamata a bar masa gurbinsa tun a tsari, to daga baya aka ƙara shi, wataƙila mai biya ne ya nema. Hoton eksire zai nuna, don farin darman saman yana tare hasken, ka gan shi ya wuce ta ƙarƙashin jirgin ba yankewa.

Nura: Bugun takarda fa? Su suka fi yawa a intanet, kuma na Monamy na lambun Vauxhall ta bugu aka fi sanin su.

Dakta Hadiza: Duba juyi kafin komai. In mai sassaƙa ya kwafe zanen kai tsaye a farantin jan ƙarfe ba madubi, bugun a juye zai fito. Jirgin da iska ke bugu ta dama ya koma ta hagu, ganuwar da ke wannan bakin mashiga ta koma wancan. Jirage da tutoci ba kasafai suke tonawa ba, don komai ya juye tare. Gaɓar teku ce ke tonawa: ɗora bugun kusa da taswirar tashar ka ga ko ganuwar tana inda take. Sai ka karanta ƙasan takardar. A hagu sunan mai zane da kalmar Latin pinxit, a dama mai sassaƙa da sculpsit. Bugun Ingila daga 1735 yakan ɗauki ranar fitarwa saboda dokar haƙƙin masu sassaƙa ta shekarar, kuma ranar ta bugun ce, zanen na iya girme ta da shekaru. Launin da ke kai kuwa da hannu aka shafa bayan bugu, sau da yawa wani ne can daban da bai ga asalin ba, don haka kada ka ƙirga rundunar adimiral da shi.